Tarwaɗar Tamfol Ba Za Ta Fanshi Giwan Ruwa Ba

Ɗan yayata yana sana'ar haɗa akwatunan gilashi na kifin ado a Abuja. Kullum da sassafe yake bin motocin Suleja zuwa birni, ya zaga gidajen masu hali da otal-otal yana goge gilashi, yana canza ruwa, yana tsame kifin da ya mutu kafin maigida ya fito ya gani. Ran nan bayan isha'i muna zaune a ƙofar gida ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Kawu, dubi abin da wani mutum ya ce in nemo masa." Wata halitta ce a cikin ruwan gishiri: ƙumba biyu a buɗe, tsakaninsu nama mai shuɗi da kore da ɗige-ɗigen ruwan zinariya, kamar an baje sabuwar atamfa. Da inuwar hannu ta gifta ta samanta sai ta tsuke, can kuma ta sake buɗewa a hankali. Ya ce wannan 'yar ƙarama ce, ba ta cika tafin hannu ba, amma a Turai da Amurka kuɗinta kan kai dala ɗari. Babbar cikin danginsu kuwa, in ta gama girma, da ƙyar ƙarti huɗu za su ɗaga ta.

Maƙwabcina Alhaji, wanda ya yi ritaya ya kafa tamfol uku na tarwaɗa a bayan gidansa, yana wurin. Da yaron ya ce ai an ce halittar tana neman ƙarewa a teku, sai Alhaji ya yi dariya ya ce, "Ba ka ce ana kiwonta ba? To, abin da ɗan Adam ya iya kiwonsa ba ya ƙarewa. Ka taɓa jin kaza ta ƙare? Haka ma kifi. Ku bar mu da tamfol ɗinmu, nan da shekara goma babu mai damun kogi."

Wannan magana ba ta Alhaji ba ce shi kaɗai. Ana jin ta a tarukan ƙungiyoyin masu kiwon kifi, ana jin ta a bakin jami'an gwamnati duk lokacin da za a raba 'ya'yan kifi da buhunan abinci, kuma mafi yawanmu mun karɓe ta saboda tana da daɗin ji. Ni ban karɓa ba. Kiwon kifi sana'a ce mai albarka, ina kuma fatan ta ninka a Suleja. Amma cewa ita za ta ceci kifin Kainji da Shiroro da Gurara, wannan kam mafarki ne, kuma mafarki mai haɗari, don yana sa mu yi barci a lokacin da ya kamata mu tsaya gadi. Hujjata ta farko ita ce halittar nan da ke cikin wayar ɗan yayata.

Masana na kiran babbar cikinsu Tridacna gigas. Tana zaune a ruwa mara zurfi a tsakanin duwatsun murjani na Tekun Fasifik da na Indiya. Faɗinta kan wuce mita ɗaya, nauyinta ya haura kilo 200, tana kuma iya shekara ɗari a wuri ɗaya ba ta gusa ba. Abin mamakinta shi ne yadda take ci. A cikin naman nan mai launi akwai wata irin gansakuka da ido ba ya gani, wadda ke sarrafa hasken rana ta samar da abinci, ita ƙumbar ta ba ta masauki, gansakukar ta biya haya da abinci. Shi ya sa take buɗe baki tana kallon sama duk yini. Manomiya ce da gonarta a jikinta.

Irin wannan halitta ba ta da ƙafar gudu, ba ta da ramin ɓuya. Daga shekarun 1960 zuwa na 1980 jiragen kamun kifi, yawancinsu daga Taiwan, suka riƙa bin tsibirai suna yanke tsokar da ke rufe ƙumbar, wadda ake saye da tsada a kasuwannin Asiya, su bar sauran ya ruɓe. A wurare irin su Fiji da Vanuatu babbar ta ɓace ɗungurungum. Da abin ya yi ƙamari sai aka tashi tsaye ta fuska biyu. A 1985 aka sa dukkan danginta cikin yarjejeniyar CITES, wato ba a fitar da ita daga ƙasa zuwa ƙasa sai da takardar izini. Masana kuma suka duƙufa kan kiwo. Wata cibiyar bincike a tsibirin Palau ta gano yadda ake ƙyanƙyasar ta da yawa tun farkon shekarun 1980, aka kafa wata a Tsibiran Solomon, a Filifin kuma marigayi Farfesa Edgardo Gomez da abokan aikinsa na Jami'ar Filifin suka kawo iri daga Solomon da Ostireliya, suka rena a Bolinao, suka mayar da dubbai cikin teku.

Kiwon ya yi nasara, babu mai musun wannan. Babbar ƙumba guda tana iya zubar da ƙwai miliyan 500 a tashi ɗaya, kuma 'ya'yan ba sa bukatar buhun abinci, rana da tsabtataccen ruwa sun ishe su. In akwai halittar da kiwo ya kamata ya ceta, ai ita ce. To me ya faru? A watan Oktoban 2024, bayan shekara arba'in ana kiwo, ƙungiyar IUCN mai lissafin halittun da ke cikin haɗari ta mayar da Tridacna gigas rukunin waɗanda ke gab da ƙarewa, ta ce yawanta ya ragu da fiye da kashi 80 cikin ɗari a ƙarni guda. Kiwo na tafiya, teku na ƙarewa, duka a lokaci ɗaya.

Dalilin yana da sauƙin fahimta ga duk wanda ya taɓa zama a kasuwa. Abin da gona ke fitarwa daban, abin da ɓarawon teku ke nema daban. Mai kiwo yana sayar da 'yar shekara biyu ko uku, mai kyan launi, ga masu akwatin gilashi, don ba zai iya jiran shekara talatin kafin ya ga kuɗinsa ba. Shi kuwa mai sassaƙa a garin Tanmen na tsibirin Hainan a ƙasar Sin, ƙaton ɓawo mai kauri yake so, wanda zai sassaƙa ya sayar a madadin hauren giwa. Wannan babu gonar da ke da shi. Don haka jirage suka riƙa niƙe murjani da farfelarsu suna tono manyan ɓawo, masu rai da matattu. Hukumar Hainan ta haramta cinikin a farkon 2017, amma a watan Afrilun 2021 jami'an Filifin suka kama kimanin tan 200 na ɓawon a Palawan, wanda aka ƙiyasta kuɗinsa ya kai dala miliyan 25. Ko a kasuwar akwatin gilashin ma, har yau ana cakuɗa na kiwo da wanda aka ɓamɓaro daga jikin murjani, kuma mai saye ba ya iya bambancewa da ido.

Wani zai ce, "Malam, ina ruwan Basuleje da ƙumbar Fasifik? Mu da ko teku ba mu da shi?" In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ka cire sunan ƙumba ka sa giwan ruwa, ka cire gonar Palau ka sa tamfol ɗin Alhaji, labarin bai canza ba.

Me muke kiwo a Suleja? Tarwaɗa, sai tarwaɗa, sai ɗan abin da ba a rasa ba na ƙarfasa. Daga Kwamba zuwa Maje, daga Gauraka zuwa Madalla, abin da ke cikin tamfol da tankin siminti ke nan. Dalili kuwa a fili yake: tarwaɗa tana shaƙar iska, tana jure cunkoso da gurɓataccen ruwa, cikin wata biyar ko shida ta kai kilo, ga wuraren gashin kifi da farfesu na Abuja suna jira. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen kiwon wannan nau'in. To amma kogin Kwara da rassansa suna ɗauke da nau'in kifi fiye da ɗari biyu. Wa ke kiwon giwan ruwa a bayan gida? Wa ke kiwon yauni, ko tsage, ko ragon ruwa, ko ƙurungu? In mai kuɗi ya tashi cin kifi ranar da ya yi baƙi, ba ya aika yaro wurin Alhaji. Giwan ruwa yake so, na kogi, kuma ko nawa ne zai biya. Kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan kwano. Yawan tarwaɗar tamfol bai rage masa wannan kwaɗayi ba, sai ma ya mayar da kifin kogi abin taƙama, kuɗinsa ya hau, masunci ya ƙara samun dalilin bin sa har maɓoyarsa.

Hujjar Alhaji mafi ƙarfi ita ce ta lissafi: duk kilo ɗaya da ya fito daga tamfol, kilo ɗaya ne da ba a cire daga kogi ba. Da a ce cikinmu ya cika, da maganar ta zauna. Amma alƙaluman da gwamnatin tarayya da kanta take maimaitawa sun ce ƙasar nan na bukatar kimanin tan miliyan 3.6 na kifi a shekara, abin da muke samarwa kuwa, kogi da teku da kiwo gaba ɗaya, bai kai rabin haka ba. A kasuwar da ke da irin wannan giɓi, duk abin da aka kawo shanyewa yake kamar ruwa a rairayi. In tarwaɗar kiwo ta ture wani abu daga tukunya, to kifin ƙanƙara ne da ake shigowa da shi, irin su taitus da shawa, kuma wannan ma alheri ne, don yana rage mana fitar da dala. Amma babu masuncin da ya naɗe komarsa a Shiroro don ya ji an buɗe sabuwar gonar kifi a Suleja. Je ka tambaye su.

Batun kaza kuma da Alhaji ya kawo, a nan ne ma ya fi ba ni makami. Gaskiya ne kaza ba ta ƙare ba. Amma kakar shanun duniya, wata ƙatuwar saniyar daji da ta taɓa cika Turai da Asiya da Arewacin Afirka, ta ƙarshensu ta mutu a ƙasar Folan a 1627, alhali shanun gida na ta hayayyafa. Ana kiwon jimina dubbai a gonakin Afirka ta Kudu, amma yaushe rabon da wani mafarauci ya ga jimina tana gudu a dajin ƙasar Hausa? Zabin gida cike suke a kasuwa, na daji fa? Kiwo yana adana abin da ɗan Adam yake so a jikin dabba, wato nama da ƙwai da saurin girma. Dabbar da ke daji, da wurin zamanta, ba su cikin lissafinsa.

Yanzu ga inda lamarinmu ya fi na masu ƙumba muni, kuma nan nake so a tsaya a duba da kyau. Ita ƙumba rana take ci. Tarwaɗa kuwa nama take so. Buhun abincin da Alhaji ke saye, wanda ke cinye kusan kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da yake kashewa, ƙarfinsa yana cikin garin kifi ne. Daga ina garin kifin yake zuwa? Wani daga waje. A gaɓar Muritaniya da Senegal da Gambiya akwai masana'antu da ke niƙe ƙananan kifin da talakawan can suke ci. Wani rahoto da ƙungiyar Greenpeace ta fitar da abokan aikinta a 2021 ya ce fiye da tan rabin miliyan ake kwashewa duk shekara ana mayarwa abincin dabbobi da na kifi. Da Naira ta faɗi daga 2023, abincin waje ya gagari ƙananan masu kiwo, sai da yawa suka koma haɗa nasu da masara da waken suya da busasshen ƙananan kifi na gida. Wannan ƙaramin kifin, warangi, daga ina? Mafi shaharar wurinsa Tafkin Kainji ne, a cikin jiharmu ta Neja.

Duk wanda ya san yadda ake kama warangi ya san inda maganar ta dosa. Akwai wani taru mai ƙananan idanu kamar gidan sauro da ake kira dala, ana zagaye ruwa da shi a jawo zuwa gaɓa. Dala ba ta tambayar suna. Tare da warangin take kwaso 'ya'yan giwan ruwa da na ƙarfasa da na ragon ruwa, waɗanda ba su kai ɗan yatsa ba, a shanya su gaba ɗaya a rana. Ga kuma warangin shi ne abincin manyan kifin tafkin. Ke nan an kwashe 'ya'yan, an kuma kwashe tuwon iyayen. In wannan buhu ya iso injin niƙa a Suleja ko Minna, ya zama abincin tarwaɗa, to tamfol bai sauƙaƙa wa kogi ba, cinsa yake yi. Ana so a ce mana ɗan da ke tatsar uwa shi ne zai yaye ta?

Ba yau aka gano wannan ba. An kammala madatsar Kainji a 1968. A 1971 kifin da aka kama a tafkin ya kai wajen tan 28,000, amma kafin 1978 ya faɗo ƙasa da 5,000. In za a yi adalci, wani ɓangare na faɗuwar dabi'ar sabon tafki ce: in ruwa ya shanye daji, kifi kan yi ambaliya na 'yan shekaru sannan ya lafa. Amma yawan masunta da matsewar idon koma sun taka tasu rawar. A 1993 aka fara wani aikin haɗin gwiwa tsakanin Najeriya da Jamus a tafkin, aka ƙidaya jirage da komaye, aka shigo da rajistar masunta ta hannun sarakuna, kuma a ƙarshen shekarun 1990 aka haramta dala a ɓangaren Neja da na Kebbi. An gwada, an ga ana iyawa. Da aikin ya ƙare, kuɗin sintiri ya ƙafe, duk wanda ya san bakin tafkin zai gaya maka dala ba ta tafi ko'ina ba. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa tana nan a New Bussa, ga kwalejin koyar da sana'ar kifi kusa da ita. Ilimin yana hannunmu, a cikin jiharmu. Mai tsaron ruwan ne babu.

Akwai masu cewa to a yi abin da aka yi a Bolinao mana, a ƙyanƙyashe miliyoyin 'ya'yan kifi a zuba a Shiroro da Kainji. 'Yan siyasa na son wannan shawara don tana da kyan hoto: ga babbar riga, ga bokiti, ga 'yan jarida. Amma abin da ya faru a Filifin shi ne, inda aka zuba ƙumba aka kuma sa mutanen gari gadi, ta rayu har ta fara haihuwa. Inda aka zuba aka juya baya, an kwashe ta da dare. Zuba 'ya'yan kifi a ruwan da dala ke shara kullum, ai rufin ƙofa da ɓarawo ne. Sannan wane iri za a zuba? Na taɓa tsayawa na ga yadda ake ƙyanƙyasa a wani ɗan ɗaki a nan garin. An yi wa macen allura da yamma, da safe aka matse cikinta ƙwai ya zubo a roba kamar ɗanyen gero, shi kuwa namijin sai da aka farke shi aka ciro abin da ake bukata, don ba a iya tatsarsa da rai. Na tambayi yaron daga ina ya samo iyayen. Ya ce daga cikin waɗanda ya ƙyanƙyashe bara. Su kuma na bara fa? Daga na bara waccan. Wa da ƙanwa ake ta haɗawa shekara da shekaru, ga kuma masu gauraya tarwaɗa da ramboshi don saurin girma. In ka kwashi irin wannan jini ka zuba a kogi, ka gyara ne ko ka ɓata?

Hujjar da ta fi taɓa zuciyata ita ce ta masunci talaka. Za a ce, kai kana zaune a Suleja da albashinka kana cewa a rufe ruwa, shi mai 'ya'ya tara a bakin Shiroro me zai ci? Ga 'yan bindiga sun hana noma a ƙauyuka da dama na yankin, mutanen da ba su gaji kamun kifi ba sun faɗa ruwa don babu wata hanya. Wannan gaskiya ce, kuma duk dokar da aka rubuta a ofis a Minna ba tare da an zauna da waɗannan mutane ba, takarda ce kawai. Amma a juya tambayar: in kifin ya ƙare, wa zai fara kwana da yunwa? Mai cin giwan ruwa a Maitama zai koma kan rago. Masuncin ne ba shi da wurin komawa. Kuma ba gaskiya ba ne cewa rufe ruwa baƙon abu ne da Turawa suka kawo. Sarkawa da Nufawa da Kabawa sun san hutun ruwa tun kafin a haifi kakan mai digiri. Me ya sa ake fito da kifi mai kilo 70 da ɗoriya a bikin Argungu, wanda ake yi tun 1934, har UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016? Saboda Matan Fada, inda ake kamun kifin bikin, a rufe take sauran watannin shekara, kuma Sarkin Ruwa yana da bakin hanawa. Kifi na bukatar abu biyu kafin ya zama ƙato: lokaci, da wurin da ba a taɓa shi. Ƙumbar Fasifik ma sai ta kusa shekara goma kafin ta fara zubar da ƙwai, kuma in aka tsince manyan har suka yi wa juna nisa, ƙwan wannan ba ya haɗuwa da ruwan wancan, sai haihuwa ta tsaya alhali ana ganin saura.

Masu cewa kifin ruwa Allah ke kiwonsa, ba ya ƙarewa, ba zan ja da su da tsawo ba. Allah ne ke kiwon barewa ma, ina take? Addinin da ya hana almubazzaranci da ruwan alwala ba zai halatta zuba gamalin a rafi a kashe uwa da ɗa da jika don cika kwando ɗaya ba.

Bari in koma kan sana'ar ɗan yayata, don akwai abin da ya gaya mini da ban sani ba. Ya ce yawancin kifin da yake sa wa mutanen Abuja a gilashi na ƙasashen Asiya ne, jajaye da masu ruwan zinariya, alhali su Turawa namu suke nema. Daga Legas ake ɗura kifin kogunanmu a leda da iska, a sa a jirgi: minjirya, gartsa, ƙurungu, talibambam mai kumbura ciki, da wani ɗan kifi mai baki kamar hancin giwa wanda har yau ba a iya kiwonsa don kasuwa ba, duk wanda ka gani a gilashi a Jamus ko Japan daga kogi aka kamo shi. Abin da yaro zai kama da fatsa ya jefar don ba ya cika miya, shi ne wani ke biyan kuɗin waje a kai. Ban ce a hana ba. In an tsara, ciniki ne da zai fi dala amfani ga masunci, don kifi kaɗan ne mai rai ke kawo kuɗi mai yawa. Amma wa ke ƙidaya abin da ke fita? Su masu ƙumba ko ba komai suna da takardar CITES da ake jayayya a kanta. Mu namu sai ranar da aka neme shi aka rasa za a san an yi asara.

To me nake so? Ina so a daina haɗa lissafin biyu wuri ɗaya. A tallafa wa mai tamfol a matsayinsa na mai samar da abinci da aikin yi, kuma babban tallafin da yake bukata shi ne abincin da ba daga kogi ya fito ba: waken suyan da jihar nan ke nomawa, da tsutsar ƙudan nan da ake renonta a kan dusa da ragowar kasuwa, wadda wasu matasa suka fara gwadawa. A ƙarfafa kiwon ƙarfasa, mai cin ganye da gansakuka, don a rage dogaro da mai cin nama. Shi kuma kogi a ba shi nasa kasafin daban. Jihar da ke da Kainji da Shiroro da Zungeru, ga Jebba a kan iyakarta, tana alfahari da wutar da take bai wa ƙasa, amma kowace madatsa ta tare hanyar da kifi ke bi ya hau fadama ya yi ƙwai da damina. Kamfanonin da ke cin ribar wannan ruwa me zai hana su ɗauki nauyin jiragen sintiri da alawus na sarakunan ruwa? A kowane tafki a ware lungu biyu ko uku, da yardar masuntan wurin, a ce nan Matan Fadarmu ce, babu koma babu mamari. A watannin da aka rufe ruwa kuma a san abin da za a ba mutane su riƙe, ko da kuɗin rajistar da ake karɓa a hannunsu ne a mayar musu. An ƙirƙiro ma'aikatar tattalin arzikin teku a 2023, aka mayar da sashen kifi ƙarƙashinta, amma in aka bar hankalinta ya tsaya a tashar jiragen Legas, ruwan daɗin Arewa zai zama maraya mai iyaye biyu.

A nan cikin gari ma akwai abin dubawa. Muna yara mukan je rafin Iku da fatsa da tana a gwangwani, mu dawo da abin da za a soya. Yau leda da ruwan kwata sun cinye shi, kuma cikin abin da ke gangarawa har da baƙin ruwan da ake saki daga tankunan kifi duk bayan kwana biyu. Wanda ya ce zai ceci Kainji daga nesa, ya fara da duba inda bututun bayan gidansa yake zubarwa.

Makon jiya Alhaji ya leƙo da safe ransa a ɓace. Ƙyanƙyasa biyu a jere 'ya'yan suna mutuwa kafin su cika mako, waɗanda suka rayu kuma wasu da karkataccen baya. Wanda ya duba masa ya ce jinin ya gaji, sai an sabunta. Ya ce mini, "Malam, ba ka da wani a wajen Shiroro? Ina neman maza biyu ko uku manya, na kogi, masu rai. Ko a kasuwar Zumba ne a sa mini ido." Na kira wani tsohon ɗalibina da ke koyarwa a can. Ya ce zai tambaya, amma in gaya wa Alhaji ya yi haƙuri, don irin girman da yake nema sai a yi sati ba a fito da ko ɗaya ba, kuma in an samu akwai masu gona daga Kaduna da suka riga suka ajiye kuɗi.